Motar da Aka Rage wa Tsayi: Yadda Ake Gane Shokazoba Ta Gaji

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san abin da bakanike ke fara yi in aka ce masa ana zargin shokazoba. Zai ɗora hannu biyu a kusurwar motar, ya danna da ƙarfi, ya saki, ya ja baya yana kallo. In ta taso ta tsaya cak, ya ce lafiya lau. In ta yi lilo sau biyu ko uku, ya ce a sayo sabuwa. A motar da take yadda kamfani ya ƙera ta, wannan gwajin yana iya kama shokazobar da ta riga ta mutu murus. A motar da aka rage wa tsayi kuwa, kusan ba ya nuna komai. Sifirin da aka sa mata ya fi na asali tauri, hannun mutum ba zai iya motsa ta yadda ya kamata ba, sai ta tsaya cak ko da babu ɗigon mai a cikin shokazobar. Mai mota ya tafi da murna, alhali tayarsa ba ta riƙe titi.

Rage wa mota tsayi al'ada ce ta masu son mota a Jamus da Japan da Amurka, inda tituna suke sumul kuma ake da kamfanoni irin su Eibach da H&R da suka shahara wajen ƙera gajeren sifirin. A Jamus ba ka da ikon sa shi sai da takardar amincewa, kuma masu duba lafiyar mota za su bincika. Irin waɗannan motoci, su Golf da BMW da Honda Civic, suna shigowa ƙasashenmu ta tashar ruwan Kwatano da ta Legas da kayansu a jiki, wani lokaci wanda ya saya bai ma san an taɓa ta ba, ya dai ga ta yi masa kyau. Wasu samarin kuma a nan suke sa a sauke musu. Ko ta ina ta zo, titin da za ta bi ba shi ne wanda aka yi lissafinta dominsa ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, ba shokazoba ba. Aikin shokazoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya lotsa. A cikinta akwai sanda mai fistin a baki, tana kai da komo cikin mai, man yana matsewa ta 'yan ƙananan ƙofofi. Wannan matsewar ce ke cinye ƙarfin girgiza ta mai da shi zafi. Yawancinsu kuma akwai iskar naitirojin a ciki, domin kada man ya yi kumfa.

Motsi iri biyu take fama da shi. Akwai lilon jikin motar, wanda yake a hankali, wajen sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa a motar gida. Akwai kuma tsallen tayar kanta, mai sauri ƙwarai, sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Danna mota da hannu na farkon kaɗai yake taɓawa. Na biyun, wanda shi ne ke yanke hukuncin ko taya tana manne da kwalta lokacin da ka taka birki, babu hannun da zai iya gwada shi.

To, da aka sauke motar, me ya canja? Sandar shokazoba ta nitse cikin jikinta tun motar tana tsaye. A ce motar da tana da santimita 8 na lotsawa kafin ta kai maƙura, ka sauke ta santimita 4, rabi ya tafi ke nan tun ba a tayar da inji ba. Ga shi sabon sifirin ya fi tauri, yana turo motar sama da ƙarfin da ba a tsara ƙofofin shokazobar asali su tare ba. Aiki ya ƙaru, fili ya ragu. Kamfanoni irin su Monroe da KYB suna ba da shawarar a sauya shokazoba idan ta yi kimanin kilomita 80,000, amma wannan lissafin motar da ba a taɓa ba ne, a kan titi mai kyau. Wadda aka haɗa da gajeren sifirin, musamman in dama ta tsufa kafin a haɗa su, ba ta kaiwa ko kusa.

Fara da sanin yadda aka sauke ta

Kafin ka zargi shokazoba, leƙa ka ga sifirin. Na kamfani yakan zo da fenti mai kyau da suna da lamba a jiki. Akwai wanda suke zuwa a haɗe da shokazobarsu, mai zare a jiki da manyan zobba biyu da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Sannan akwai aikin gaggawa: a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin asali, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna. Yankakken za ka ga bakinsa bai zauna daidai a mazauninsa ba. Gasasshen za ka ga fentin ya ƙone, zagayen sun matse wuri ɗaya. In wannan ka tarar, kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen shokazoba tukuna. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, zai ci gaba da zama har motar ta kwanta, kuma yana iya karyewa ana cikin tafiya.

Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar wil zuwa bakin madigadi a duk ƙafafu huɗu. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya za ta rikita maka lissafi. In ɓangare ɗaya ya fi ɗan'uwansa zama sosai, laifin sifirin ne ko mazauninsa. Mutane da yawa sukan ce shokazoba ta zauna, su sauya ta, motar ta ci gaba da karkata yadda take.

Gwajin da ya fi kowanne amfani

A saman sandar shokazoba, cikin robar da ke kare ta daga ƙura, akwai wata roba mai kauri, galibi ruwan ɗorawa, mai laushi kaɗan. Ita ce ke tare mota idan ta lotsa har ƙarshe, kada ƙarfe ya daki ƙarfe. A wasu motocin, musamman a baya, ba a kan sandar take ba, a jikin motar take. A motar da aka sauke, rabin amsar tambayarka tana wurin wannan robar.

Ka ɗaga motar a jek, ka ɗaga robar ƙura, ka nemi igiyar robar nan mai zargewa da masu gyaran wuta ke ɗaure wayoyi da ita, ka ɗaura ɗaya a kan sandar, ka tura ta ƙasa har ta taɓa bakin jikin shokazobar, ka yanke jelarta. Ka sauke motar daga jek, ka leƙa. Tazarar da ke tsakanin igiyar da robar tokarewa ita ce duk filin da ya rage wa motarka. In babu tazara, motar a kan roba take zaune, ba a kan sifirin ba. Dukan da kake ji a ƙugu ba mutuwar shokazoba ba ce, rashin fili ne, kuma sabuwar shokazoba mai tsawon tsohuwar ba za ta canja komai ba.

In akwai tazara, ka yi tuƙinka na yau da kullum a titi mai ɗan kyau, ba tare da faɗawa rami ba, ka dawo ka sake leƙawa. Igiyar za ta tsaya a iyakar inda motar ta lotsa. Taɓa robar jefi-jefi ba laifi ba ne, motocin zamani da ita aka yi lissafinsu. Amma in ɗan wannan tuƙin ya cusa igiyar cikin robar, to ko dai an sauke motar fiye da kima, ko shokazobar ta daina tarewa. Abin da zai raba maka gardama shi ne kwatanta dama da hagu: in ɗaya ta yi nisa sosai fiye da ɗaya a titi guda, wadda ta yi nisan ce abin zargi. Ka duba robar kanta. In ta tsattsage, ko ta rududduge, ko babu ita sam domin wani ya cire ta don motar ta ƙara sauka, to fistin yana dukan gindin shokazobar, kuma a irin shokazoba mai bututu biyu a nan gindin ne wasu ƙofofin suke. Wadda ta sha irin wannan duka, ko ba ta zubar da mai ba, cikinta ya lalace.

Mai, sanda da bushin

Zubar mai ita ce alamar da kowa ya sani, amma ana yawan yi mata gaggawar hukunci. Ɗan danshi a saman jikin shokazoba, wanda ƙura ta manne masa ya yi duhu, ba komai ba ne. Sandar takan fito da ɗan mai kaɗan a kowane motsi. Lokacin hunturu ƙura tana sa abin ya yi kama da babbar matsala. Ka goge tas, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi, ka sake dubawa. In ka ga mai ya jiƙa jikin, ya gangaro har ƙasa, sil ya tafi. Ka tabbata dai daga sama man yake fitowa, domin giris ɗin shaf da robarsa ta fashe yakan fantsama wurin, haka ma man birki. Kuma bushewa ba shaidar lafiya ba ce. Wadda ta zubar da manta kaf tun bara a bushe za ka same ta.

Sandar ya kamata ta kasance tana sheƙi ko'ina. In gefe ɗaya ya goge ya dushe, ana matsa mata ta gefe, abin da yakan faru idan saukewar ta canja kusurwar da take aiki ko an ɗaure ta a karkace. In akwai ƙarzuwa ko tsatsa, za su ci sil ko yau ko gobe.

Akwai kuskuren da ake yawan yi lokacin saukewar, wanda yake haifar da ƙarar da ake ɗora wa shokazoba. Bushin na roba ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan motar ta sauka a kan ƙafafunta. In aka ɗaure shi tana rataye a jek, ko aka sauke mota ba a sassauta tsofaffin an sake ɗaure su a sabon tsayin ba, robar za ta zauna a murɗe kullum har ta yage. Lokacin da motar take sama a jek, ka kama sifirin ka girgiza. In yana motsi a mazauninsa lokacin da taya ke rataye, ya yi wa wannan shokazobar gajarta, kuma duk sanda taya ta faɗa rami zai saki ya koma da ƙara. Wannan haɗari ne na gaske, don yana iya fita daga mazauninsa. Kada ka shiga ƙarƙashin mota da jek kaɗai. A tokare ta da ƙarfe.

Abin da taya ke faɗa

Nan ma sai an bambance. Kusan duk motar da aka sauke tana cin taya ta ciki, domin saman tayoyin yana karkata ciki kuma saitin bakinsu yana canjawa. Irin wannan cin sumul yake, ya zagaye tayar daidai, kuma maganinsa alaimen. Cin da shokazoba ke jawowa daban ne. Ka shafa tafin hannunka a kan tayar, ka bi zagayenta: za ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, wuri ya cinye wuri bai cinye ba. Tayar tana tsalle kamar ƙwallo, duk inda ta dira sai ta goge. Irin wannan tayar takan yi gurnani a kwalta har a zaci boris ne. Tayar da ba a yi wa balansin ba, ko wil da ya lanƙwashe, su ma suna iya kawo haka, kuma siraran tayoyin da ake sa wa irin waɗannan motoci ba sa kare wil daga rami. A duba su kafin a yanke hukunci.

A kan titi

Ka daidaita iskar taya, ka kashe rediyo, ka nemi titin da ka sani sarai kuma babu cunkoso. In shokazobar mai saiti ce, ka tabbata dama da hagu a lamba ɗaya suke.

Ka haye tudun rage gudu a hankali, ka lura da abin da ya biyo bayan dukan, ba dukan kansa ba. Motar da aka sauke dole ta yi tauri. Mai lafiya za ta lotsa, ta taso, ta zauna, shi ke nan. Marar lafiya za ta ƙara 'yan tsalle gajeru masu sauri, har ka ji kanka yana gyaɗawa. Ba za ka ga dogon lilon da aka saba gani a tsohuwar motar gida ba, shi ya sa masu ita ba sa ganewa, su ce ai haka motar tsere take. Ba haka take ba. Tauri daban, tsalle daban.

A babban titi, inda kwalta ke da ɗan hawa da sauka ko wurin haɗin gada, ka ji ko motar tana ci gaba da shawagi bayan an wuce wurin. A kwana mai gargada, ka ji ko bayanta yana ɗan tsallakawa gefe. Wannan ita ce alamar da ta fi tayar mini da hankali, domin tana nufin tayar baya tana barin ƙasa a daidai lokacin da ake buƙatarta, kuma ranar da aka yi ruwa ba za ta yi gargaɗi ba. Ka taka birki da ɗan ƙarfi a wuri mai gargada: in ABS yana saurin shiga, kana jin feda tana karkarwa a birkin da bai kai ya kawo ba, tayoyin gaba ba sa zama a ƙasa. In da hali, wani ya bi ka a baya da wata motar ya kalli tayoyinka. Tayar da shokazobarta ta mutu ana ganinta tana rawa ko a titi mai kyau, direban kuwa bai sani ba.

Ka lura da lokaci kuma. Akwai wadda take lafiya da safe, in an yi rabin awa a hanya mai gargada sai motar ta saki jiki. Man ya tsufa ko iskar ta fice, ya yi zafi ya yi kumfa. Da ka tsaya bayan irin wannan tafiya, ka kai bayan hannunka kusa da jikin kowace shokazoba, a hankali, kana kiyaye birki da salansa. Mai aiki za ta yi ɗumi. In ɗaya tana da ɗumi 'yar'uwarta tana sanyi, mai sanyin ba ta aikin komai.

Ƙara kuwa ita ce ta fi yaudara. Ƙwanƙwasa mai sauri a ƙananan gargada galibi linkej ne, wanda saukewa takan canja masa kusurwa. Ƙara lokacin murza sitiyari a tsaye, mazaunin saman shokazoba ne. Dum mai nauyi a babban rami, motar ce ta kai maƙura. Shokazoba tana iya mutuwa ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

In an ciro ta

Idan shakka ta rage, a ciro biyun, dama da hagu. Notin tsakiya na sama ba a kwance shi sai an matse sifirin da abin matse shi. Kada gajartarsa ta sa a raina shi. Kada a kama sandar da filaya. Ka tsayar da ita yadda take a mota, kai a sama, ka tura ka ja sau da yawa har ƙarshe. Ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ja ya fi turawa wuya. In akwai inda sandar ke zurmawa babu turjiya, ko ka ji ɗan sako-sako a daidai lokacin da ka juya daga turawa zuwa ja, ko kana jin kurɓar iska a ciki, ta gama. A wadda ta daɗe a motar da aka sauke, ka fi mai da hankali can ƙasa inda ta saba aiki. Masu sayarwa sukan danna sandar su saki, in ta taso da kanta su ce ka gani, garau take. Wannan iska kawai ya nuna akwai, bai ce komai game da ƙofofin ba. Hannu yana iya tabbatar maka ta mutu, amma ba ya iya tabbatar maka tana da lafiya, sai injin gwaji. A Beljiyam, wurin duba lafiyar mota na dole, akan ɗora taya a kan faranti mai girgiza a auna yadda take manne da shi. Inda ka samu irin wannan a kusa da kai, ya cancanci kuɗinsa.

Wajen sauyawa, biyu ake sauyawa tare, na gaba biyu ko na baya biyu, da sabuwar robar tokarewa da ta ƙura, a duba mazaunin sama, a yi alaimen a ƙarshe. In an sauke motar kaɗan, santimita 2 zuwa 3, shokazoba mai kyau mai tsawon asali takan iya ɗauka. In ya wuce haka, a nemi wadda aka yi domin gajeren sifirin, irin Bilstein B8 ko Koni Sport. Ta hannu da ake kira 'yar Beljiyam, ba ka san kilomita nawa ta yi ba, kuma aikin da za ka ba ta ya fi wanda ta baro. Huda tsohuwa a ɗura mata mai a toshe, ban yarda da shi ba ko a motar da ba a taɓa ba: akwai iska mai matsi a ciki, sil da ƙofofin da suka lalace kuma suna nan yadda suke.

In kuwa gwajin igiyar nan ya nuna maka babu fili, kuma hanyar da kake bi kullum ramuka ne da tudun rage gudu, shawarata ka ɗaga motar. Mai zobba a murza su a ƙara mata santimita ɗaya ko biyu, a sake alaimen. Mai yankakken sifirin ko gasasshe a mayar mata da na asali, sannan a sake ɗaura igiyar a ga abin da shokazobar za ta yi.